Jadi, Tauraron da Kakanninmu Suka Kama Hanya da Shi

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma tambayarka ta faranta mini rai ƙwarai. Ka ce da ka je gida da kaka, dare ya riske ku a gona wajen sussuka, sai ka ga wani dattijo ya ɗaga kai ya dubi wani tauraro can arewa kafin ya shimfiɗa buzunsa ya ta da sallar Isha'i. Da ka tambaya aka ce maka haka aka gada, tauraron nan ba ya motsi, ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Da ka koma makaranta kuma wani abokinka ya ce maka wannan camfi ne da ya kusa shiga shirka, wai ma tauraron ya daɗe da mutuwa, haskensa ne kawai ya rage a hanya. Kana so ka san wa za ka bi a cikinsu.

Abin da dattijon ya yi daidai ne, ilimi ne mai tushe, kuma ina so ka koye shi. Maganar da aka ɗora a kai, ta cewa tauraron ba ya tsufa ba ya mutuwa, ita ce ba daidai ba. Abokinka kuwa ya yi kuskure a duka biyun, ko da yake na san inda ya tsinto maganar mutuwar, kuma zan zo kanta.

Malamanmu suna kiran tauraron nan Jadi, sunan da suka karɓa daga Larabawa. 'Yan boko suna cewa tauraron arewa, a littattafan kimiyya kuma Folaris. Mutane da yawa suna zaton shi ne ya fi kowane tauraro haske, shi ya sa suke nuna wanda ba shi ba. Wannan mai ƙyalli da kake gani da magariba kusa da jinjirin wata, wanda muke ce wa Zara, ko ka gan shi da asuba mu ce Gamzaki, duniya ce irin tamu mai kewaya rana, kuma ba ta zama wuri ɗaya. A cikin taurari na ainihi wanda ya fi haske da dare shi ne Shi'ira, wanda aka ambata wajen ƙarshen Suratun Najmi. Jadi matsakaici ne. Taurari fiye da 40 sun fi shi haske. Idan ba a nuna maka shi ba, za ka iya shekara kana kwana a waje ba ka lura da shi ba.

Darajarsa a wurin zamansa take. Duniya tana juyawa a kanta sau ɗaya a wuni da kwana, shi ya sa muke ganin rana da wata da taurari suna fitowa gabas suna faɗawa yamma. Amma duk abin da ke juyawa yana da tsakiyar da yake juyawa a kai, kuma ƙuryar arewa ta duniya ta saitu kusan daidai da inda Jadi yake. Don haka sauran taurari suke kewaya shi, shi kuwa yana nan inda ka bar shi, da magariba, da tsakar dare, da asuba, rani da damina. Wanda ya same shi ya samu arewa. Wanda ya samu arewa kuwa ya samu gabas a damansa, yamma a hagunsa, kudu a bayansa.

Akwai wani abu na biyu da ya fi wannan ban sha'awa, wanda kakanka, Allah ya jiƙansa, ya sani ba tare da ya taɓa zama a aji ba. Yakan ba mu labarin abin da ya ji daga iyayensa fatake masu zuwa Gwanja sayen goro, cewa idan ayari ya yi ta nausawa kudu, Jadi sai ya riƙa sauka ƙasa-ƙasa har itatuwa su rufe shi, idan kuma aka juyo gida sai ya riƙa hawa. Wannan gaskiya ce da lissafi ya tabbatar. Tsayin Jadi daga doron ƙasa daidai yake da nisan wurin da kake tsaye daga tsakiyar duniya, wato layin ikwaita. A Kano yana sama da kimanin digiri 12, a Agadas wajen 17, a Makka 21 da 'yan kai, a Legas kuwa bai kai 7 ba. Wanda ya ƙetare ikwaita zuwa kudu ba zai ƙara ganinsa ba sai ya dawo. Da haka matuƙan jiragen ruwa na Larabawa suka riƙa ratsa tekun Indiya: suna auna tsayinsa da faɗin yatsu, su san sun yi daidai da tashar da suke nufi. Ahmad bin Majid, gwanin teku na ƙarni na 15, ya rubuta wannan ilimi dalla-dalla. Har yau akwai ayarin raƙuman da ke tashi daga ƙasar Agadas bayan damina, su ratsa hamadar Tenere ta Fachi zuwa Balma, tafiyar fiye da kilomita 500, su kai gero su komo da kantun gishiri da dabino. A wannan rairayi babu dutse babu itace na kwana da kwanaki, sai madugu da abin da ya sani na rana da iska da taurari. Mai zuwa Balma Jadi na hagunsa, mai komowa yana damansa. Haka yake ga mutanenmu da suka tafi aikin Hajji a ƙafa ta Borno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya.

To ka ga abin da dattijon nan ya yi a gona ba wani sirri ba ne, alƙibla yake nema. Mu a nan mun saba cewa mu fuskanci gabas, amma Makka ba gabas sak take da mu ba. Daga Kano alƙibla ta karkata daga gabas zuwa arewa da kimanin digiri 22. Idan ka miƙe hannunka ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ke nan dunƙule biyu da ɗan ƙari. Saboda haka mai salla da ya tsaya daidai zai ji Jadi a gefen hagunsa, ya ɗan gota kafaɗarsa ta gaba. Malaman mazhabarmu sun ce wanda yake nesa da Ka'aba fuskantar nahiyarta ya wadatar masa, don haka kada ka je ka ta da hankalin mutane a kan tsofaffin masallatai. Amma wanda ya iya gyarawa ya gyara. Wannan sanin ne kuma ake aiki da shi a maƙabarta, inda ake haƙa kabari kai kudu ƙafa arewa, domin mamaci ya kwanta a kan damansa fuskarsa na duban alƙibla. Idan rasuwa ta faru a daji ko a sabon wuri, wanda ya san Jadi shi ake nema.

Batun shirka kuwa, ka gaya wa abokinka ya buɗe Suratun Nahli aya ta 16, inda Allah ya lissafa ni'imominsa ya ce da alamomi, kuma da tauraro suke shiryuwa. Ya kuma duba Suratul An'am aya ta 97, inda aka ce Shi ne ya sanya muku taurari domin ku shiryu da su a cikin duffan tudu da teku. Abin da Allah ya kira ni'ima ba za a kira shi camfi ba. Imam Bukhari ya kawo maganar Ƙatada cewa an halicci taurari don abu uku: ado ga sama, abin jifan shaiɗanu, da alamomin da ake gane hanya da su, kuma wanda ya nemi wani abu daban a cikinsu ya ɓata. Iyakar ke nan. Abin da aka hana shi ne ka ɗauka tauraro yana da iko, yana kawo arziki ko tsiya, ko ka je wurin mai duba ya ce maka tauraronka bai dace da na wance ba. A Hudaibiyya, bayan an kwana ana ruwa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta tsakanin wanda ya ce an shayar da mu da falalar Allah da wanda ya ce tauraro kaza ne ya shayar da mu. Hadisin yana cikin Muwaɗɗa. Shi ya sa manoman da ke zuwa wurin malami su tambaya wane tauraro ake ciki, a cikin masaukai 28 na shekara masu kwana 13 kowanne in ban da ɗaya mai 14, ba su yi laifi ba muddin kalanda suka ɗauke shi, abin sanin lokacin shuka da girbi. Ruwa kuwa na Allah ne. Ina jin zafin yadda wasu samari masu kishin addini suke haɗa waɗannan abubuwa biyu su yi musu kuɗin goro, domin da haka ake zubar da ilimi mai amfani tare da shirme.

Yanzu ga inda zan saɓa wa masu cewa ba ya motsi. Yana motsi, idonmu ne bai kai ba. Bai zauna daram a kan tsakiyar ba, akwai tazarar da ta ɗan fi faɗin wata ɗan daren goma sha huɗu, don haka shi ma yana yin ƙaramin kewaye kowane dare. Babban abin kuma shi ne, ita duniya da take juyawa tana kuma yin layi a hankali, bakin ƙuryarta ta arewa yana zana da'ira a sararin sama, kuma kafin ta rufe da'irar nan sai an yi kusan shekara 26,000. Ma'anar wannan ita ce kujerar arewa ba ta Jadi ba ce ta gado. Lokacin da Fir'aunonin Masar suke gina manyan dalarsu, fiye da shekara 4,500 da suka wuce, wani tauraro ne daban da ake kira Su'uban yake wurin. A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Jadi yana nesa da tsakiyar da wajen digiri 8, shi ya sa Larabawan wancan zamani suke haɗa shi da wasu taurari biyu na kusa da shi, Farƙadani, wajen gane arewa. Mu ne aka yi wa gatan zuwa a lokacin da ya kusa daidaita. Zai fi kusa da tsakiyar wajen shekarar 2100, daga nan ya fara nisa. Nan da kimanin shekara 12,000, in duniyar ta kai, wani tauraro mai tsananin haske da Larabawa ke kira Nasrul Waƙi'i, Turawa kuma Vega, shi zai zama mafi kusa da wurin a cikin manyan taurari.

Shi kansa Jadi rana ce, irin tamu amma ta fi ta nesa ba kusa ba. Nauyinsa ya kai na ranarmu kusan sau 5, faɗinsa kusan sau 46, haskensa kuwa ya ninka nata fiye da sau 1,000. Nisa ne ya mai da shi ɗan ɗigo. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a sakan ɗaya, yana isowa daga rana cikin minti 8 da 'yan sakanni, amma daga Jadi sai ya yi tafiyar shekara 430 zuwa 450. Hasken da ya faɗa idon dattijon nan a gona ya baro gida tun wajen zamanin da Mai Idris Alooma yake sarautar Borno, fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu na 1804. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Kuma ba shi kaɗai ba ne a wurin, su uku ne. Wani masanin taurari, William Herschel, ya hango na biyu da madubin hangen nesa a 1779. Na ukun ya manne da babban sosai, yana kewaya shi cikin kusan shekara 30, kuma ba a samu hotonsa ba sai da madubin Hubble da ke sararin samaniya ya ɗauko shi, aka sanar a 2006.

Shekarunsa su ne abin da zai fi ba ka mamaki, domin tauraron da ake cewa ba ya tsufa yaro ne a ƙidaya, tsoho ne a jiki. Masana sun ƙiyasta shekarunsa da kimanin miliyan 70, wasu ma ƙasa da haka. Ranarmu tana da shekara biliyan 4.6, ke nan ta girme shi fiye da sau 60, amma ita tana tsakiyar ƙarfinta, ana sa ran jimillar rayuwarta ta kai wajen biliyan 10, shi kuwa ya riga ya gangara. Dalilin yana cikin yadda tauraro ke ci. Ana haifar tauraro ne idan wani ƙaton gajimaren iska da ƙura ya dunƙule saboda nauyin kansa, cikinsa ya matsu ya yi zafi har iskar haidirojin ta fara haɗewa tana komawa hiliyam. Wannan haɗewa ce ke ba da zafi da haske. Iyakar nauyin tauraro iyakar matsin cikinsa, iyakar matsin kuma iyakar saurin da yake cinye abin da aka ba shi. Ka san bambancin wutar kara da wutar gungumen kirya: ta kara tana tashi sama ta haske gida duka, kafin ka juya ta zama toka, gungumen kuwa yana ci a hankali har gari ya waye. Jadi wutar kara ce. An ba shi guzurin da ya ninka na rana sau 5, yana kashe shi da saurin da ya ninka nata sau ɗaruruwa.

Haidirojin da ke tsakiyarsa ya riga ya ƙare. Shi ya sa ya kumbura ya kai wannan girma, domin a ƙuruciyarsa ya fi haka ƙanƙanta, ya fi haka zafi, launinsa fari ne mai sirkin shuɗi. Yanzu zafin fatarsa ya sauko kusa da na rana, wajen digiri 6,000. Kuma ba ya zaune lafiya: yana kumbura yana tsukewa, haskensa na ƙaruwa yana raguwa, a kowane kwana 4 ko ƙasa kaɗan. Canjin ƙarami ne, ido ba ya kama shi, sai na'ura. Wani masanin taurari mai suna Ejnar Hertzsprung ne ya tabbatar da shi a 1911. Taurari masu irin wannan hali suna da daraja a wurin masana, domin wata mata mai suna Henrietta Leavitt ta gano a 1912 cewa tsawon lokacin kumburarsu yana nuna ainihin ƙarfin haskensu, kuma da wannan ake auna nisan wurare masu nisa ƙwarai a sararin sama. Jadi ne mafi kusa da mu a cikin irinsu. Wani abin da ke taɓa mini zuciya shi ne, a mafi yawan shekarun da aka yi ana auna shi tun ƙarni na 19, an ga wannan lokaci na kwana 4 yana ƙaruwa da kimanin sakan 4 a kowace shekara. Wato tsufan tauraro ne ɗan Adam yake gani a rubuce, daga malami zuwa almajirinsa.

Ƙarshensa ma an san kamanninsa, domin an ga na wasu irinsa. Taurarin da nauyinsu ya kai na rana sau 8 zuwa sama su ne suke ƙarewa da fashewa mai girma. Jadi bai kai nan ba. Abin da ake sa rai shi ne ya ci gaba da ƙona hiliyam, ya ƙara kumbura ya yi ja, sannan ya zubar da fatarsa ta waje ta watse a sarari. Abin da zai rage shi ne ƙwayar cikinsa, farar dunƙule mai girman duniyarmu, mai nauyin gaske, wadda ba ta ƙona komai sai hucewa a hankali. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya dubi tauraro ya ga ya faɗi, ya ce ba ya son masu faɗuwa. Wanda ba ya faɗuwa da asuba ma yana da tasa ranar. Don haka idan ka sake jin wani ya ce tauraron nan ba ya mutuwa, ka gyara masa cikin ladabi, domin wannan siffa ce ta Allah shi kaɗai, kuma kakanka da ya rayu da sanin Jadi bai taɓa ba shi ita ba.

Daga nan maganar abokinka ta samo asali. Ya ji an ce hasken taurari tsoho ne, sai ya ɗauka duk wanda muke gani ya mutu. Amma ka auna da kanka. Hasken ya yi shekara 400 da wani abu a hanya, sauran rayuwar Jadi kuwa da miliyoyin shekaru ake lissafa ta, kuma irinsa ba ya mutuwar farat ɗaya, sai ya bi matakan da na faɗa maka ɗaya bayan ɗaya. Shekara 450 ba ta isa ya taka ko ɗaya daga cikinsu ya gama ba. Jadi yana nan da ransa. Zai bar kujerar arewa tun da sauran ƙarfinsa, dubban shekaru masu yawa kafin wutarsa ta mutu.

Na san wayarka tana da kamfas da manhajar alƙibla, kuma ba na hana ka amfani da su. Amma caji yana ƙarewa, waya tana faɗawa ruwa, kuma a cikin sa'o'inka da wuya ka samu wanda zai iya nuna arewa da dare. Wannan yana damuna, domin abu ne da ake koya a dare ɗaya. Ka fita bayan gari inda babu fitila, a daren da babu hazo, domin a ƙasarmu Jadi yana ƙasa-ƙasa, ƙurar hunturu ko dogon itace suna iya ɓoye shi. Ka nemi taurari bakwai masu haske a arewa, huɗu sun yi kusurwa huɗu, uku sun biyo su a jere. Larabawa suna ce musu Banatu Na'ashi, Buzaye suna ce musu raƙuma, ƙaramin gungun da Jadi yake jikinsa kuma ɗanta. Ka ɗauki biyun da ke gaba a cikin huɗun nan, waɗanda suka fi nisa da jeren ukun, ka ja layi ta kansu ka miƙa shi kamar sau 5 na tazarar da ke tsakaninsu. Tauraron da za ka tarar shi kaɗai, babu mai haske kusa da shi, shi ne. Ka gwada da hannunka: a gida zai kasance dunƙule ɗaya da ɗan ƙari daga ƙasa.

Bakwai ɗin nan sun fi sauƙin gani da farkon dare daga ƙarshen sanyi, cikin bazara, har farkon damina. Da kaka kuwa suna ƙarƙashin ƙasa da farkon dare, sai can wajen asuba suke fitowa. A wannan lokaci sai ka nemi wasu taurari biyar da suka yi zubin harafin M a saman arewa, Jadi yana ƙasa da su, tsakaninsu da doron ƙasa. Idan ka koma gida hutu ka je wurin dattijon nan ka gaishe shi, ka roƙe shi ya nuna maka da hannunsa, ka tafi da ƙannenka su ma su gani. Ka tambaye shi sunayen sauran taurarin da ya sani ka rubuta su ka aiko mini.

Ka gaida mahaifiyarka da kyau. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka ilimi mai amfani.

Baffanka.